Tambayoyinku Kan Fasaha: Kaset-kaset ɗin Bidiyon Iyaye

Tambaya: Mahaifinmu ya rasu ya bar kaset-kaset na bidiyo a akwatin ƙarfe, ciki har da bikin aurensa da hawan sallah a ƙofar fadar Lamiɗo. Yaya zan mayar da su cikin waya? (Daga Garwa, Kamaru)

Amsa: Allah ya jiƙan mahaifi, Hajiya. Sai dai akwatin ƙarfe a Garwa, inda zafin Maris da Afrilu ke haura maki 40, tanda ce, kuma gashi kike yi wa tarihin gidanku. Zaren kaset ɗin VHS, wato irin wannan kaset ɗin bidiyo, roba ce da aka manna wa garin maganaɗisu, zafi da laima suna sassauta mannin, damina kuma ta kawo fumfuna. Ki leƙa ta gilashin fuskar kowane kaset, idan kin ga farin gari a kan zaren to kada ki sa shi a na'ura, domin zai ɓata ta, ta kuma shafa wa sauran.

Kamfanin Funai na Japan, na ƙarshe da ke ƙera na'urar VHS, ya daina tun 2016, saboda haka wurin masu gyaran rediyo za ki nemo tsohuwa. Ki haɗa ta da kwamfuta ta ƙaramar na'urar ɗauka mai USB, wadda wayoyin nan uku, rawaya da fari da ja, suke shiga, ki zaɓi PAL a kwamfutar, wato tsarin hoton talabijin da ake amfani da shi a Kamaru. Kaset na awa uku awa uku zai ci, kuma don Allah kada wani yaro ya ruɗe ki da ɗaukar fuskar talabijin da waya.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne mutum ya kwafe bidiyo ya bar shi ba suna. Talabijin bai zo Kamaru ba sai 1985, kuma bai bi unguwa-unguwa ba. Masu kamarar biki ne suka ɗauki ɗaurin ɗankwalin iyayenmu, da masu algaita da kakaki, da zaurukan ƙasa da aka rushe aka zuba bulo. Ki zaunar da gwaggonki tun tana da ƙarfi, ta gaya miki wane ne wannan, wace shekara ce, wace unguwa ce, ki rubuta a takarda da kan sunan fayil. Ki yi kwafi uku, ɗaya ya zauna a gidan wani ɗan'uwa, kuma kada ki zubar da kaset ɗin.

Tambaya: Bidiyon sunan ɗana da aka turo mini ta WhatsApp ya fito dishi-dishi. (Daga Marwa)

Amsa: WhatsApp yana matse bidiyo don rage nauyi. Malam, ka ce a sake turo shi ta Document, wato zaɓin tura fayil a WhatsApp, wanda ke ɗaukar har gigabait 2, in har mai ɗaukar bai goge na asali don ya sami wurin zuba waƙoƙi ba.

Tambaya: Na mayar da komai faifan DVD, na huta ke nan? (Daga Injamena)

Amsa: Da sauran aiki, ƙanena, domin faifan da aka buga a shago yana karcewa, launinsa yana lalacewa. Ka kwafe bidiyoyin a ma'ajiyar hard disk ta waje, masu muhimmanci kuma ka ɗora su a Google Drive, ma'ajin intanet, wanda ke ba da gigabait 15 kyauta.