Amsa: Fitsarin karen maƙwabci na ƙona mini ciyawa

Ɗan'uwa, ka ce tun da ka tare a gidan nan na Amurka, karen maƙwabci yake fitsari a ciyawar ƙofar gidanka, har ta yi tabo-tabo. Ba cutar ciyawa ba ce. Fitsarin kare na ɗauke da yuriya, irin ta takin zamani, ga kuma gishiri. Ka san yadda masara ke ƙonewa in an cika mata taki a gindi? To haka ne. Shi ya sa tsakiyar tabon ke bushewa, gefensa kuwa ya yi kore shar. Karya ta fi ɓarna, don tsugunawa take ta juye shi waje guda.

Ka kwarara ruwa a wurin da wuri. Inda ciyawar ta riga ta mutu, ka kankare wurin ka sake zuba iri.

Maƙwabcin kuwa, ku gaisa tukuna, ka nuna masa tabon, ka roƙe shi ya riƙa jan karen gefen titi. Sau da yawa rashin lura ne. Kada dai ka kuskura ka zuba guba. Cutar da dabba laifi ne a can, kotu za ka tsinci kanka.