Duba idonta, ba kashinta ba

Ɗana, ka ce jar akuyar nan tana cin harawa da dusa yadda ya kamata, ba ta zawo, amma kullum ramewa take yi, don haka kana ganin ba tsutsa ba ce. Tsutsa ce, kuma mai kisa.

Likitocin dabbobi suna kiranta Haemonchus. A ɗakin ƙarshe na cikin dabba take zama, ta maƙale a jikin bango tana shan jini. In mahauci ya tsaga wurin za ka gan su sirara kamar zare, tsawon kowace bai wuce santimita 3 ba, matan da ratsin ja da fari a murɗe. Jini take sha, shi ya sa sau da yawa kashi ke fita lafiya lau alhali dabba na ƙarewa.

Ka kama akuyar ka fita da ita haske, ka ja fatar idonta ta ƙasa da babban yatsa. In ciki ja ne jawur, ka sake ta. In ya yi fari fat, jininta ya tafi. Ka kuma shafa ƙasan haɓarta. Kumburi mai laushi a nan ruwa ne ya taru, lamarin ya yi nisa ke nan.

Damina ce lokacin tsutsar nan. Mace ɗaya tana zuba ƙwai dubbai a rana, su fito cikin kashi, su ƙyanƙyashe, 'ya'yan su hau ciyawa mai laima. Dabba ta haɗiye, cikin kimanin mako 3 sun girma sun fara nasu ƙwan. Don haka nake hana ka kora dabbobin kiwo da sassafe kafin raɓa ta bushe, balle fadama.

Batun magani kuwa, akwai albendazole, levamisole da ivermectin. Abin da ya fi ɓata min rai shi ne masu raba ƙwaya ɗaya wa tumaki biyu don tsimi. Tsutsar da ba ta mutu ba ita ke haifar waɗanda magani ba ya yi musu komai. A auna da nauyin dabba, kuma awon akuya ba ɗaya yake da na tunkiya ba, sai ka tambayi malamin dabbobi. Albendazole kada ka ba mai sabon ciki.

Wannan akuyar a ba ta yau, a ware ta a garke, a ƙara mata harawar wake da ruwa mai tsabta. Bayan mako 2 ka sake duba idon. Sauran kuma gobe da safe ka zo mu bi su ɗaya bayan ɗaya, mu fara da ƙanana da masu shayarwa.