Amsa: ma'anar kalmar blinding

Kana tambaya kan kalmar blinding, wai ka ji mai sharhin ƙwallo ya ce blinding pace alhali kai da haske ka santa. To ai tushen ɗaya ne malam. Daga blind ta fito, wato makanta, blinding light shi ne haske mai kashe ido, irin in direban tirela ya dalle ka da fitila da daddare ka rasa ma inda kwalta take. In kuma da speed ko pace ta zo to gudu ne kamar walƙiya, ido ba ya iya bin abin.

Sai dai ka riƙa lura da inda ta faɗo. Ni na taɓa kwafsawa, wani ɗan Ingila ya ce min wasan jiya blinding ne, na ɗauka da fitilun filin yake kuka, ashe a bakinsu yabo ne, wai wasan ya yi daɗi ba kaɗan ba. Blinding headache kuma ciwon kai ne mai tsanani, har buɗe ido ya gagari mutum.