Talotalon Roba a Farautar Bazara: Dole Ne a Saya, Kuma Ina Ake Kafa Shi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a jihar Ohio ta Amurka, kuma wani abokin aikina ya gayyace ni farautar talotalon daji a ƙarshen watan Afrilu. Na yi ajin koyon ƙa'idojin farauta, na karɓi lasisi. Da na shiga shagon kayan farauta sai na tarar da talotalon roba iri-iri, ga mace, ga namiji mai buɗaɗɗiyar jela, wasu da araha wasu da tsadar gaske. Shin dole ne in saya? Idan zan saya, wanne zan ɗauka, kuma yaya ake kafa shi?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya ba da sa'a. Ba dole ba ne. Maharba sun daɗe suna harbin talotalo a dazukan Amurka da kira kawai, wato kwaikwayon kukan tsuntsun, kuma har yau akwai tsofaffin hannu da ko kyauta aka ba su roban nan ba za su ɗauka ba. Amma ga sabon shiga irinka ina ganin amfaninsa ya fi illarsa, muddin ka gane aikin da yake yi. Da yawa suna saye ne da tunanin shi zai janyo musu tsuntsun daga nesa. Kira ne ke janyo shi. Aikin roban shi ne ya tsayar maka da toron, wato babban namijin talotalo, a daidai wurin da kake so, ya kuma ɗauke idonsa daga kanka a daƙiƙun da za ka ɗaga bindiga.

Sai ka fara sanin halin tsuntsun. Daga Maris zuwa Mayu, bayan sanyi ya ja, lokacin barbararsu ne. Toro yana kwana a kan bishiya, da asuba ya fara wannan kuka nasa mai gurnani da ake ji daga nesa, ya sauko fili ya buɗe jela, ya saki fukafukai suna jan ƙasa, yana taƙama. A ɗabi'arsu macen ce ke zuwa wurinsa. Kai kuma da ka zauna gindin bishiya kana kwaikwayon kukan mace, so kake ka juya lamarin, shi ya taso ya zo. Yakan taso ɗin idan zumuɗi ya ɗebe shi, amma yana tafe yana dube-dube. Kunnensa na iya gane inda sauti ya fito kusan daidai, idanunsa kuma a gefen kai suke, da ɗan juya wuya ya gama ganin kewayensa, yana kuma bambance launi. Idan ya iso inda ya kamata ya hangi macen bai gan ta ba, sai jikinsa ya ba shi, ya miƙe wuya, ya yi wani ɗan gajeren sauti na gargaɗi, ya juya. A nan ne roban ke cike gurbi: ya ji murya, ya kuma ga mai muryar.

To amma ga inda gizo ke saƙar. Wannan macen roban da ka kafa ita ce kuma kan sa toro ya toge. Ya hango ta daga yadi 70 ko 80 a tsakiyar fili, sai ya tsaya cak ya buɗe jela yana kai da komo, yana jiran ta zo masa kamar yadda aka saba. Kai kana kallonsa, bindigarka ba ta kai can ba, har ya gaji ya yi gaba. Duk wanda ya jima a wannan farauta ya ga haka, kuma ba ƙaramin cin rai ba ne. Shi ya sa nake fifita a haɗa macen da saurayin namiji, wato irin ɗan shekara ɗaya mai guntun gemu (gashin da ke fito wa namijin a ƙirji). Talotalo tsuntsu ne mai tsarin girma da ƙanƙanta, kowane namiji ya san wanda ya fi shi da wanda ya fi. Babban toro in ya hangi ƙaramin yaro tsaye kusa da mace, kishi ba ya barinsa ya tsaya jira. Za ka ga kansa ya sauya launi, ya sunkuyar da shi, ya taho da sauri, wani lokacin har da gudu, ya hau roban da duka da fuffuke da tsinin nan na bayan ƙafarsa. Wanda ya taɓa ganin wannan a yadi 15 ba zai manta ba.

Saboda haka in kuɗinka na abu biyu ne, sayi mace ɗaya da saurayi ɗaya wanda bai buɗe jela duka ba, mai kamar ya ɗan kumbura amma a tsorace. In na abu ɗaya ne, sayi macen. Wancan ƙaton mai cikakkiyar jela da ka gani a shago ka bar shi tukuna. Yana aiki a farkon kaka, wato farkon lokacin farautar bazara, a buɗaɗɗiyar gona, a kan toron da shi ne sarkin garken, ko kuma toro biyu ko uku da ke yawo tare suna jin ƙarfi. Amma yawancin tsuntsayen da ke amsa kira 'yan shekara biyu ne waɗanda suka riga suka sha duka a hannun manya, suna hango shi sai su zame ta gefe su ɓace. Batun tsada kuwa, masu tsadar sun fi kama da na gaske a launi da zanen gashi, kuma hakan yana da tasiri idan tsuntsu ya matso kusa. Mai arahar ma yana yi, sai dai ka guji mai ƙyalli, don roba mai sheƙi a hasken rana ko da raɓa a jikinta tana tona asiri.

Wajen kafawa, tazarar da na yarda da ita ita ce yadi 15 zuwa 20 daga inda za ka zauna. Ka auna da taku, kada ka yi kirdado. Dalilin shi ne, bindigar da ake wannan farauta da ita mai watsa ƙananan harsasai ce, kai da wuya ake nufa, kuma iyakar da mafi yawan maharba suka amince da ita yadi 40 ce. Idan roban yana yadi 20 toro ya toge da tazarar wasu yadi 15 a bayansa, har yanzu yana hannunka. Idan kuwa ka kai roban yadi 35, togewar da zai yi ta fitar da shi. Akwai harsasan zamani na ƙarfen tangistin da ke kaiwa nesa da haka, amma ban ba sabon maharbi shawarar dogaro da su ba. Tsuntsun da aka ji wa rauni ya tsere ya mutu a duhuwa asara ce da alhaki.

Fuskar da roban zai kalla ita ma tana da muhimmanci, kuma mutane kan yi sakaci da ita. Toro yakan tunkari namiji ɗan'uwansa ta gaba, ido cikin ido, ita kuwa mace ta baya yake zagayo mata. Don haka saurayin roban ka juyo da fuskarsa wajenka. Toro zai zagayo ya shiga tsakaninku ya ba ka baya, jelar nan tasa da ya buɗe ta tare masa gani, sai ka samu sararin gyara bindiga. Kada ka harbe shi yana cikin taƙama da wuya a noƙe. Yi ɗan sauti kaɗan da abin kiranka, zai ɗago kai ya miƙe wuya, sannan. Macen kuma ka juya ta tana kallon gefe ko tana ba ka baya, ka bar tazarar taku biyu ko uku tsakaninta da saurayin don toro ya samu wurin shiga. In kai badama ne, kafa su ɗan hagu da inda kake fuskanta, domin juyawa hagu ta fi wa mai harbi da kafaɗar dama sauƙi. Bahago ya yi akasin haka. Kada kuma ka sa su a miƙaƙƙen layi tsakaninka da inda tsuntsun zai fito, don yana kallonsu zai kalle ka. Idan akwai iska mai ƙarfi, soka tsinke biyu a gefen jelar roban ya riƙa motsi kaɗan ba tare da ya yi ta juyi a kan sandarsa ba.

Sai lokaci da wuri. A farkon kaka matan suna tare da toro tun daga saukowa daga bishiya, kuma da wuya ka raba shi da na gaske saboda na roba. Amma mace takan yi ƙwai 10 zuwa 12, kusan ɗaya a kowace rana, sannan ta kwanta a kansu kwana 28. Da kaka ta yi nisa, hantsi na ɗagawa matan sai su sulale zuwa sheƙa su bar toro shi kaɗai yana nema. Tsakanin ƙarfe 9 da 11 na safe lokaci ne mai albarka, daidai sa'ar da masu gajen haƙuri suka naɗe kaya suka tafi karin kumallo. A ƙarshen kaka kuwa mazan sun gaji da faɗa, sun kuma ga roba iri-iri, mace ɗaya mai kiwo da kai a ƙasa ta wadatar. Idan kuma cikin kurmi za ku shiga, irin tsaunukan kudu maso gabashin Ohio inda dajin gwamnati na Wayne yake, sau da yawa ni barin roban nake a mota. Inda ba a gani fiye da yadi 30, toro sai ya matso kafin ya san babu kowa, kuma ya riga ya shigo inda bindigarka ke kaiwa. Wanda ya yi kiciɓis da roba ba zato a bayan kututture ma yakan firgita. Roba abin gona ne da bakin daji da tsohuwar hanyar katako.

Yanzu maganar da ta fi duk waɗannan nauyi a wurina. Ka kafa abin da ya yi kama da talotalo a gabanka, kana kukan talotalo, ka sa kaya masu launin daji don kada a gan ka, a dajin da wasu ma ke yawo da bindiga. An harbi mutane ta haka. Don Allah ka riƙe waɗannan: kada ka ɗauki roban a hannu a fili, sa shi cikin jaka kansa a rufe, in da hali jakar mai ruwan lemo. Kada ka sa tufa mai ja ko fari ko shuɗi, ko da safa ce ko hankici, domin launin kan toro ke nan. Jingina da bishiyar da ta fi kafaɗunka faɗi. Zauna inda kake hangen abin da ke bayan roban da nisa, saboda wanda zai harbe shi daga can kai ne a layin wutarsa. In ka ga wani maharbi na laɓaɓowa, kada ka ɗaga hannu, kada ka yi motsi, ɗaga murya ka yi masa magana sarai. A dajin gwamnati ban yarda da kafa namijin roba ba sam, macen ma sai da lura.

Za ka kuma ci karo da bidiyoyi a YouTube na masu rarrafe a bayan jelar toro suna tunkarar tsuntsu. Dabara ce irin ta maharbanmu na da masu ɗaura kan burtu su sunkuya su shiga cikin namun daji, kuma tana ci. Bambancin shi ne a nan ka mayar da kanka ainihin abin da kowa ya fito nema, fuskarka tana bayan jelar da wani zai auna. Wasu jihohi sun hana, kuma ko inda ba a hana ba ni ban ga naman da ya kai wannan kasada ba.

Dokoki sun bambanta daga jiha zuwa jiha, suna kuma sauyawa, don haka karanta littafin hukumar namun daji na wannan shekarar da kanka. A Ohio roba halal ne a doka, amma an hana kafa tsuntsu mai rai, an hana zuba hatsi don yaudara, an hana na'urar kira mai lantarki, an hana harbin talotalo yana kan bishiya. Mai gemu kawai ake harbi a bazara, kuma tun 2022 aka mayar da shi guda ɗaya ga kowane maharbi. A jihar Alabama ma, a 2022, an hana amfani da roban a kwanaki 10 na farkon kakar farautar, don a bar manyan mazan su yi barbara kafin a ɗauke su. Kada ka ga tsaurin ya yi yawa. Talotalon daji ya ƙare ƙaf a Ohio zuwa 1904 saboda sare daji da harbi ba ƙa'ida. Sai a shekarun 1950 aka kamo na daji daga wasu jihohi aka sake zuba su, kuma da aka buɗe farauta a 1966, a ƙananan hukumomi 9, tsuntsu 12 kacal aka samu. Wanda za ka gani yana taƙama a gabanka jikan wannan wahalar ne, kuma a 'yan shekarun nan yawansu ya sake ja baya a jihohi da dama.

Kafin ranar, je filin gwaji ka harba bindigar a takarda daga yadi 20, 30 da 40, ka ga yadda harsasan ke watsuwa. A kusa suna tafiya ne a dunƙule, shi ya sa kuskure a yadi 10 ya fi yawa fiye da yadda ake zato. Ka tafi da wuƙa mai kaifi, ka yi bisimilla lokacin harbi, in ka iske shi da sauran rai ka yanka, amma taka wuyansa ko ka danne fukafukan tukuna don tsinin ƙafar nan yana tsaga hannu. Sannan ka cike takardar izininka nan take, ka yi wa hukuma rajistar tsuntsun ta waya ko intanet a ranar, kamar yadda dokar jihar ta tanada.