Abin da ka ga yana iyo a fitsari

Ka ce ka ɗora fitsarin wani yaro a madubin likita, ka ga wani abu mai gashi kewaye da jikinsa yana iyo da gudu, kana tambaya ko wata baƙuwar ƙwayar cuta ce. Ɗana, kada ka rubuta sakamako tukuna. Fara tambayar kwalbar da aka kawo fitsarin a ciki. Wa ya wanke ta, kuma da wane ruwa?

Sau da yawa uwa ce ta ɗauraye ta da ruwan randa, ta bar ɗan saura a ciki. Ruwan yana iya zuwa da nasa ƙananan halittun. Amma ni abin da na fi zargi tsargiya ce. Ƙwan Schistosoma haematobium, tsutsar da ke kawo tsargiya, ba ya ƙyanƙyashewa a fitsari zalla, amma da ruwa ya tsinka fitsarin sai ya fashe, ɗan cikinsa ya fito yana iyo, yana neman dodon koɗin da zai shiga. Koma kan gilashin nan, ka bi shi lungu-lungu. In ka ga ɓawon ƙwai a tsage, ba komai a cikinsa, da 'yar ƙaya a can ƙarshensa, ka sami amsarka. Ƙayar in a gefe take, na Schistosoma mansoni ne, wani nau'in tsutsar, shi kuwa a bayan gida aka saba ganinsa.

Ba yaron busasshiyar kwalba, ya yi fitsarin tsakanin ƙarfe 10 na safe da 2 na rana, lokacin da ƙwai suka fi zubowa, ya tara har ɗigon ƙarshe. Juya mililita 10 a injin da ke kwantar da laka (centrifuge), ka duba abin da ya kwanta. Ka kuma tambaye shi inda yake wanka, kududdufi ko magudanar noman rani.

Sauran abubuwan da za ka iya gani kuwa, Trichomonas, wata ƙwayar cuta ta mafitsara da al'aura, bai fi ƙwayar mugunya girma sosai ba, fizge-fizge yake yi a wuri guda, kuma da fitsari ya huce motsin ya tsaya. Fitsari fari kamar madara, nemi 'ya'yan tsutsar tundurmi, a ɗebi jini da dare. Balantidium ma mai gashi ne, ɗan hanji, jefi-jefi ake samunsa a fitsari. In sabon fitsarin ya sake nuna mai gashin nan ba ƙwai ko ɗaya, rufe gilashin ka kira ni kafin ya bushe.