Shayin rage teɓa, bel ɗin matse ciki da sha-ka-fashe

Tambaya: Anti, wata mai talla a Instagram ta ce shayinta na sauke kilo 5 a mako guda. In saya? Maman 'Yan Biyu, Kano

Amsa: Maman 'Yan Biyu, riƙe kuɗinki. Juya kwalin ki duba abin da aka haɗa. Galibin irin wannan shayi da ganyen filasko a ciki, wanda kakanninmu ke sha don wankin ciki. Ki kwana kina zarya bayi, da safe ki hau sikeli ki ga kin ragu, ki hau murna. Ruwa ne ya fita, kitse na nan daram, kwana biyu ruwan ya dawo. Ƙarfin da ke cikin kilo guda na kitse ya kusa abin da mace ke ci a kwana huɗu. Ke nan ko ba ki sa komai a baki ba mako guda, kilo 5 ba zai narke ba.

Abin da ya fi tayar min da hankali, an sha gano sinadarin sibutramine a ɓoye cikin kayan rage ƙiba, alhali tun 2010 aka janye shi a Turai da Amurka saboda haɗarin bugun zuciya da shanyewar jiki. In kina son abin saye, sayi tef ɗin tela. Ki auna kewayen kugunki da shi, kada ya wuce rabin tsawonki. Sai ki fara rage lemon kwalba, domin kwalba guda ta kusa cokalin shayi 9 na sukari.

Tambaya: Bel ɗin matse tumbi fa? Ina yin gumi sosai in na ɗaura. Wani direba, Maraɗi

Amsa: Malam, gumi ba kitse ba ne. Jiki ba ya zaɓar inda aka matse ya ƙone kitsen wurin. Ka ajiye motar, ka taka rabin awa kullum.

Tambaya: Biki saura wata biyu, gwaggona ta ce amarya sai da ƙiba, ta kawo min ƙwayoyi.

Amsa: Ƙanwata, in sha-ka-fashe ne, sau da yawa dexamethasone ne, wani maganin asibiti na rage kumburi. Yana kumbura fuska da ciki, hannu da ƙafa kuwa su sirance, ga hawan jini da ciwon suga da raunin ƙashi. Gwaggo alheri take nufi, ki gode mata. In kin riga kin jima kina sha, kada ki daina farat ɗaya, akwai haɗari. Ɗauki kwalin ki kai wa likita ya janye miki a hankali.