Fifita malaman karkara wajen ƙarin girma: kwalliya na biyan kuɗin sabulu?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malama ce a makarantar birni. Na ji wasu ƙasashe na sassauta wa malaman ƙauye sharuɗɗan ƙarin girma. Wannan yana gyara makarantun karkara kuwa, ko tauye mu kawai ake yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Ki fara duba ma'aunin da aka saba aunawa da shi: takardun bita, maƙalar da mutum ya wallafa, sakamakon ɗalibai. Duk sun fi sauƙin samuwa a birni. Malamin da ke riƙe da aji uku shi kaɗai, lissafi da safe, kimiyya da hantsi, yaushe zai zauna rubuta maƙala? Tun asali shi aka tauye.

Abin da ƙasar Sin ta nemi gyarawa ke nan a shirinta na tallafa wa malaman karkara na 2015 zuwa 2020. Ta ɗauke musu tilascin wallafa maƙala da na jarrabawar harshen waje, in ba shi mutum yake koyarwa ba. Ta kuma ce malamin birni mai neman babban matsayi sai ya koyar aƙalla shekara 1 a ƙauye ko a makaranta mai rauni. Koriya ta Kudu kuwa ƙarin maki take bai wa wanda ya yi aiki a tsibirai da lunguna masu nisa.

Malamai suna zuwa, wannan ba musu. Tambayar ita ce wa ya zo, kuma zai zauna? Mai sharaɗin shekara ɗaya yakan iso da jakarsa a ɗaure, yana ƙirga watanni. Kafin ya riƙe sunayen yaran ajinsa, takardar canjin wuri ta fito. Har ɗan ƙauyen ma, da zarar ya samu matsayin, makarantun birni sun fara zawarcinsa. Shi ya sa na fi gamsuwa da dabarar da Sin ta ƙara daga baya, ta ɗaure matsayin da gurbin aikin karkara: a can aka ba ka, a can yake aiki.

Zuwan malami kuma daban, koyon yaro daban. Gambiya ta gwada da kuɗi, alawus na kashi 30 zuwa 40 cikin 100 na albashi ga malaman firamare na wurare masu nisa. Masu takardar shaidar koyarwa sun ƙaru a can, amma bincike bai ga matsakaicin sakamakon ɗalibai ya ɗaga ba. In babu littattafai, babu mai duba aiki, girma kaɗai ba ya koyar da karatu.

Inda ƙorafinki yake da gaskiya, Malama, shi ne in guraben ƙarin girma ƙididdigaggu ne, ana ɗiba daga naku ana ba su. Abin da za ku nema ta bakin ƙungiyarku shi ne a ware wa karkara nata guraben daban, a bar muku naku.